Man Birki: Dalilin Canza Shi da Lokacin da Ya Kamata

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a gareji ya san irin kulawar da masu motoci ke yi wa baƙin mai. Direba yana riƙe da ranar da ya yi juye, ya kuma san yawan kilomitocin da suka rage masa kafin ya sake wani. Haka nan yakan duba ruwan lagireto da safe, ya zagaya tayoyi ya ga ko iska ta ragu. Amma akwai wani ɗan kofin roba a ƙarƙashin bonet, ta gefen direba, wanda ba a cika waiwayarsa ba sai fitilar gargaɗi ta kama. Wannan shi ne kofin man birki. Idan aka haɗa man da ke cikinsa da wanda ke kwance a cikin bututu, a yawancin ƙananan motoci bai wuce lita ɗaya ba. Duk da haka, da wannan ɗan ruwa ne ake tsayar da mota da dukan rayukan da ke cikinta.

Mutane da yawa sun ɗauka cewa muddin kofin nan yana cike, to, babu abin damuwa. A wannan maƙala za mu nuna cewa man birki yana tsufa ko da bai ragu ba, ko da motar tana ajiye a gida. Za mu duba yadda yake aiki, da abin da ke lalata shi, da lokacin da ya kamata a zubar da shi a zuba sabo. Bayanin ya shafi ƙananan motoci da bas-bas da yawancin babura masu birkin faifai. Manyan motoci irin su tirela da tanka da iska suke kama birki, saboda haka nasu bayanin daban ne.

Yadda ƙafa ɗaya ke tsayar da mota

Bari mu fara da gwajin da kowane malami zai iya yi a aji. A samo sirinji sabo, a cire allurarsa. A ja fistinsa baya ya cika da iska, a toshe bakinsa da yatsa, sannan a danna. Za a ga fistin ya shige har wajen rabi ko fiye, domin iska tana matsuwa. Sai a sake cika shi da ruwa, a tabbata babu kumfa ko ɗaya a ciki, a toshe a danna. Wannan karon fistin ba zai motsa ba, kuma duk ƙarfin da aka sa za a ji shi a kan yatsan da ya toshe bakin. Dalili shi ne ƙwayoyin ruwa a cunkushe suke, babu sararin da za su ƙara matsawa, alhali kuwa tsakanin ƙwayoyin iska akwai fili mai yawa.

Ɗaliban ilmin halittu sun san wannan ɗabi'a ta ruwa a jikin tana. Tana ba ta da ƙashi ko ɗaya. Idan tsokar da ta kewaye jikinta ta matse ruwan da ke ciki, ruwan ba ya ƙanƙancewa, sai ya tura gaban jikin ya miƙe, da haka take ratsa ƙasa.

Masanin da ya fara tsara wannan ƙa'ida shi ne Blaise Pascal, mutumin Faransa, wanda ya rayu daga 1623 zuwa 1662. A cikin littafinsa da aka buga a 1663, ya bayyana cewa idan aka matsa ruwan da ke rufe a cikin mazubi, matsin zai isa kowane sashe na ruwan daidai wa daida. Sai da aka yi fiye da shekara 250 kafin a yi amfani da ƙa'idar wajen tsayar da mota. Gab da shekarar 1920 wani Ba'amurke mai suna Malcolm Loughead ya ƙirƙiro birki mai aiki da ruwa, kuma a 1921 kamfanin Duesenberg ya fitar da motar da ke da irin wannan birki a tayoyinta huɗu. Kafin nan da sandunan ƙarfe da wayoyi ake jan birki, kuma da wuya a samu tayoyin su kama daidai da juna.

Ga yadda tsarin yake a yau. Idan direba ya taka feda, yana tura wani ƙaramin fistin ne a cikin abin da makanikai ke kira masta. Fistin ya matsa mai, man ya bi ta siraran bututun ƙarfe da gajerun tiyo na roba har zuwa kowace taya. A can akwai wani fistin mafi girma a cikin kalifa, wanda ke danna fad a jikin faifan da ke juyawa tare da taya. A motocin da ke da ganga a baya, lainin ne ake turawa ya goga a cikin gangar.

Mu ɗauka faɗin fuskar fistin masta murabba'in santimita 4 ne, na kalifa kuwa 20. Tun da matsin iri ɗaya ne a ko'ina, ƙarfin da zai fito a kalifa zai ninka wanda ya shiga masta sau biyar. Sai dai wannan riba tana da farashi: tilas ƙaramin fistin ya yi tafiya mai nisan ninki biyar na tafiyar babban. Kuma tafiyar tasa tana da iyaka. Idan santimita 3 kaɗai zai iya matsawa kafin feda ta kai ƙasa, to, duk man da zai iya turawa a taki ɗaya mililita 12 ne, wato bai cika babban cokali ɗaya ba. Mai karatu ya riƙe wannan adadi, za mu komo gare shi.

Ina ƙarfin gudu ke tafiya?

A darasin kimiyya an koya mana cewa makamashi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama. Aikin birki shi ne ya mayar da ƙarfin gudun mota ya zama zafi ta hanyar gogayya, kamar yadda tafin hannu ke ɗumi idan an murza shi lokacin hunturu.

Mu yi lissafi. Motar da nauyinta ya kai kilogiram 1,200, tana gudun kilomita 100 a awa, tana ɗauke da makamashin motsi kimanin kilojul 460. Wannan ya isa ya ɗaga zafin ruwa lita ɗaya da rabi daga digiri 25 na ma'aunin Selsiyos har ya kai ga tafasa. Murhu zai ɗauki mintuna kafin ya yi wannan aiki, birki kuwa cikin 'yan daƙiƙoƙi yake haɗiye zafin. Idan aka ninka gudu sau biyu, zafin ninki huɗu yake yi.

Tsayawa sau ɗaya a shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ta da matsala, domin iska za ta huce faifan kafin a sake bukatarsa. Doguwar gangara ce ke jarraba birki. Idan motar nan ta sauko daga tudun da tsayinsa ya kai mita 300, makamashin da za ta saki ya kai kimanin kilojul 3,600, kusan ninki takwas na lissafinmu na farko. Idan direba ya bar wa birki wannan aiki, mafi yawan zafin a faifai da fad zai taru. Faifan yakan kai ɗaruruwan digiri, wani ɓangare na zafin ya ratsa fad, ya ratsa fistin, ya isa ga man da ke bayansa. Wanda ya taɓa saukowa ta Hawan Kibo, a kan hanyar da ta gangaro daga tsaunin Jos zuwa Akwanga, ya san warin ƙonewar da kan tashi daga tayoyin motoci a gindin hawan. Wannan wari shaida ce ta irin zafin da muke magana a kai.

Saboda haka ba kowane ruwa ne zai iya zama man birki ba. Dole ya jure zafi mai tsanani ba tare da ya tafasa ba, kada ya daskare a ƙasashe masu sanyi, kada ya ci ƙarfe, kada kuma ya kumbura robobin da ke hana yoyo.

Man da ke shan ruwa

Ko da yake muna kiransa mai, man birki ba dangin fetur ko baƙin mai ba ne. A farkon zamani da man zurma da barasa ake haɗa shi. A yau kuwa mafi yawansa daga wasu sinadarai ake yi da ake kira gilaikol, tare da ƙarin magungunan hana tsatsa. A jikin kowace kwalba akwai haruffan DOT da lamba. Haruffan suna nufin Ma'aikatar Sufuri ta Amurka, wadda ta kafa ma'aunin da ake bi a ƙasashe da yawa. Ma'aunin ya ba kowane rukuni adadi biyu: mafi ƙarancin zafin da sabon mai zai jure kafin ya tafasa, da kuma wanda zai jure bayan ya sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin ɗari.

DOT 3: sabo digiri 205, bayan shan ruwa digiri 140.
DOT 4: sabo digiri 230, bayan shan ruwa digiri 155.
DOT 5.1: sabo digiri 260, bayan shan ruwa digiri 180.

A lura da girman faɗuwar. Ruwan da bai kai kashi huɗu cikin ɗari ba ya ci wa DOT 3 digiri 65, ya ci wa DOT 4 digiri 75. Tsurar ruwa a digiri 100 yake tafasa a bakin teku, a Jos kuwa, inda tudun ya kai kimanin mita 1,200, wajen digiri 96. Duk lokacin da ruwa ya ƙaru a cikin mai, yana jawo matakin tafasarsa ƙasa zuwa ga nasa.

To, ta ina ruwan ke shiga, alhali ba wanda ya zuba shi? Kowace uwargida ta san yadda gishiri ke yin danshi ya dunƙule da damina ko da ruwan sama bai taɓa shi ba. Laimar da ke cikin iska yake zuƙa. Gilaikol ma haka yake, domin ƙwayoyinsa suna da sassan da ke jan ƙwayoyin ruwa su riƙe su. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma laima ba ta jiran tsaga. Tana shiga duk lokacin da aka buɗe murfin kofi. Tana shiga ta 'yar kafar numfashi da ke jikin murfin. Tana kuma ratsa jikin tiyon roba da kansa sannu a hankali, kamar yadda iskar da muke shaƙa ke ratsa bangon huhu ta shiga jini. Wannan yana gudana dare da rana, ko motar tana kan hanya ko tana lulluɓe da tamfol. Ya fi sauri inda iska ke da danshi sosai, kamar Legas da Fatakwal, ko kuma a nan Arewa cikin watannin Yuli da Agusta.

Abin da ke faruwa idan mai ya tafasa

Mu koma kan gangara. Direba ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga saman tudu, zafi yana ta taruwa a kalifa. Muddin ƙafar tana danne, matsin da ke cikin bututu yana hana man tafasa, kamar yadda ruwa ke wuce digiri 100 a cikin tukunyar matsi bai tafasa ba. Da ya ɗaga ƙafa na ɗan lokaci, sai matsin ya sauka, ruwan da ke cikin man ya zama tururi nan take, tururin ya kori wani sashe na man ya koma kofi.

Mililita ɗaya ta ruwa takan ba da tururi kimanin mililita 1,700 a matsin iskar da muke zaune a ciki. Ɗigo ɗaya ke nan zai ba da wajen mililita 85. A baya mun ga cewa masta ba ya tura fiye da kimanin mililita 12 a taki ɗaya. Ashe tururin ɗigo guda ya ninka abin da masta zai iya turawa har sau bakwai. Lokacin da direba ya sake taka feda, abin da ke gabansa ya zama sirinji mai iska. Fedar za ta shige har ƙasa ba tare da wata turjiya ba, fad kuwa bai kama faifai ba. Wannan shi ne ɗaya daga cikin abubuwan da direbobi ke nufi idan sun ce birki ya shanye.

Abin da ya fi muni a wannan lamari shi ne yadda yake ɓoye kansa. Bayan motar ta tsaya ta huce, tururin zai koma ruwa, feda ta dawo da taurinta. Wanda ya zo dubawa daga baya zai taka ya ji birki lafiya lau. Haka kuma kafin ranar, motar tana iya yin shekaru tana yawo a cikin gari ba tare da wata alama ba, domin tsayawar cikin gari ba ta kai man ga digiri 140. Sai ranar da aka yi lodi, aka hau doguwar hanya, aka zo gangara, sannan raunin zai bayyana.

Ya kamata a bambanta wannan da wata matsalar mai kama da ita. Idan fad ne ya yi zafi fiye da kima, feda tana nan da tauri amma motar ba ta rage gudu yadda ya kamata. Idan mai ne ya tafasa, feda laushi take yi ta nutse. Duka biyun maganinsu na farko ɗaya ne: a sauko gangara da ƙaramar giya domin inji ya ɗauki wani kaso na aikin, kada a saki mota a firi don tsimin mai, kada kuma a ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa. Idan feda ta nutse ana cikin tafiya, a yi ta bugunta da sauri, a rage giya ɗaya bayan ɗaya, a ja birkin hannu sannu-sannu. Kada a kashe inji, domin shi ke taimaka wa birki da sitiyari.

Me ya sa ba a yi man da ba ya shan ruwa ba?

Ɗalibi mai tunani zai yi wannan tambaya. Amsar ita ce da gangan aka zaɓi mai shan ruwa. Laima za ta shiga ko ana so ko ba a so. Idan man ya shanye ta, za ta bazu a cikinsa gaba ɗaya, illarta ta zo kaɗan-kaɗan. Idan kuwa bai shanye ta ba, za ta taru ta zama ɗigo, ta gangara wuri mafi ƙasa, wato kalifa, inda zafi ya fi yawa. A can za ta tafasa a digiri 100 kacal, ta kuma ci ƙarfen da ta kwanta a kai. A ƙasashe masu sanyi har ƙanƙara takan zama ta toshe bututu.

Akwai nau'in da ba ya shan ruwa, shi ne DOT 5, wanda ake yi da silikon, launinsa kuma shunayya ne. Ana amfani da shi a wasu motocin soja da tsofaffin motocin da ake adanawa. Ba a gauraya shi da sauran, kuma bai dace da motoci masu na'urar ABS ba, domin yakan riƙe ƙananan kumfa. Kada kamannin suna ya ruɗi mai saye: DOT 5.1 dangin DOT 3 da DOT 4 ne, ba shi da alaƙa da DOT 5.

Ɓarna ta biyu: tsatsa

Ban da tafasa, tsohon mai yana yin wata ɓarnar a hankali. Magungunan hana tsatsa da ke cikinsa suna ƙarewa da tafiyar lokaci, musamman inda zafi ke yawan taɓa su. Idan sun ƙare, ruwan da ke ciki sai ya fara cin bututu da fistin da bangon masta. Fistin da ya yi tsatsa yakan maƙale, fad ya ci gaba da gogar faifai ko an ɗaga ƙafa, abin da ke ƙara zafi, ya cinye fad, ya kuma sa mota ja gefe guda. Bangon da ya yi kaushi kuwa yakan yage roba, yoyo ya fara.

Motocin zamani sun fi jin wannan ɓarna. Na'urar ABS, wadda kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz suka fitar da irinta ta zamani a 1978, tana hana taya daskarewa idan an taka birki da ƙarfi. A cikinta akwai ƙananan ƙofofi masu buɗewa da rufewa sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma ɗan datti kaɗan ya isa ya toshe su. Kuɗin wannan na'ura ya ninka na kwalbar man birki sau da yawa.

Yaushe ya kamata a canza?

Da kalanda ake auna tsufan man birki, domin shan laima bai dogara da yawan tafiya ba. Kamfanonin ƙera motoci da yawa sun ce a canza shi duk shekara biyu, wasu kuma shekara uku. Littafin da ya zo da mota shi ne alƙali. Idan babu littafin, shekara biyu ita ce ƙa'idar da ta fi aminci, musamman ga motar haya da mai yawan bin hanyoyin tsaunuka.

Akwai kuma lokutan da bai kamata a jira cikar wa'adi ba:

1. Idan an sayi mota ta hannu, ko ta gida ko wadda aka shigo da ita daga waje, kuma ba a san ranar da aka canza man ba. Mai yiwuwa wanda ke ciki ya yi shekaru masu yawa.
2. Idan feda ta taɓa nutsewa a gangara ko da sau ɗaya, ko da ta dawo daidai daga baya.
3. Idan motar ta shiga ambaliya har ruwa ya rufe tayoyi.
4. Idan man ya yi duhu ko ana ganin gari-gari a cikinsa. Sabon mai garai-garai yake, da ɗan launi kamar na tataccen man gyaɗa.
5. Idan an zuba wani abu daban a kofin bisa kuskure.

Game da launi akwai abin lura. Baƙin mai tabbas ya tsufa, amma mai haske ba lallai ne ya zama lafiyayye ba, domin ruwa yana narkewa a cikinsa ba tare da ya sauya masa kama ba. Hanyar tabbatarwa ita ce awo. Wasu gareji suna da 'yar na'ura mai kama da alƙalami da ke nuna yawan ruwa. Idan ta nuna kashi 3 cikin ɗari, lokaci ya yi. Wadda ta fi ta inganci ita ce mai dafa ɗan samfurin man ta faɗi ainihin zafin da ya tafasa. A tuna kuma cewa man da ke kofi yakan fi na cikin kalifa kyau, domin na ƙasan ne ke shan zafi.

Ƙari ba canji ba ne

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar ciko a matsayin gyara. Man birki ba ya zagayawa kamar baƙin mai. Gaba da baya kawai yake yi a cikin bututu. Sabon da aka zuba a kofi yawancinsa a nan sama zai tsaya, tsohon kuma yana nan kwance a bayan fistin.

Raguwar mai ma saƙo ce da ya kamata a karanta. A jikin kofi akwai layi biyu, MAX a sama da MIN a ƙasa. Idan man yana sauka a hankali cikin watanni, alama ce fad yana cinyewa, fistin yana ƙara fitowa, mai yana bin bayansa. Abin dubawa a nan shi ne fad. Idan kuwa ya sauka cikin 'yan kwanaki, akwai yoyo, kuma bai kamata motar ta hau hanya ba sai an gano wurin.

Canji na gaskiya aikin makaniki ne. Zai zuƙe tsohon man da ke kofi, ya cika da sabo. Sannan ya bi tayoyi ɗaya bayan ɗaya, galibi daga wadda ta fi nisa da masta, ya kwance ɗan noti na fitar da iska yayin da mataimakinsa ke danne da feda, ya ɗaure kafin a saki. Zai maimaita har sai ya ga mai mai tsabta yana fita babu kumfa. A duk tsawon aikin ba a barin kofi ya bushe, in ba haka ba iska za ta shiga a koma gidan jiya. Wasu motoci masu ABS suna bukatar a haɗa su da kwamfuta kafin tsohon man ya fita duka. A motoci da yawa masu giyar hannu, kuloci ma da wannan man yake aiki, saboda haka yana da kyau a haɗa da shi. Bayan an gama, a rubuta kwanan wata a ajiye tare da takardun mota.

Wajen saye, a duba lambar da aka rubuta a murfin kofi, a sayi irinta. A sayi ƙaramar kwalba mai hatimi, domin wadda aka buɗe aka ajiye ta riga ta fara shan laima. Kada a sayi wanda aka ɗura a wata kwalba daban. Kada a kuskura a zuba baƙin mai, ko man giya, ko man sitiyari, domin suna kumbura robobin birki su lalata su cikin ɗan lokaci. Dabarar nan ta zuba ruwan sabulu da wasu ke yi idan mai ya ƙare a hanya, lissafin da muka yi a sama ya isa ya nuna haɗarinta.

Gargaɗi game da lafiya

Man birki yana cin fentin mota, don haka in ya zuba a wanke da ruwa nan da nan. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne guba ne. Daga cikin sinadaran da akan samu a cikinsa akwai dayetilin gilaikol, mai ɗan zaƙi a baki. Idan ya shiga jiki, hanta tana sarrafa shi ya koma wasu sinadarai masu tsami da ke lalata ƙoda. Wannan sinadari ne ya gurɓata wani maganin haƙoran jarirai a Nijeriya a 2008, inda yara aƙalla 84 suka rasu. Saboda haka kada a zuba man birki a kwalbar lemo ko ta ruwa, kada a ajiye shi inda hannun yaro zai kai. Al'adar shafa shi a kan rauni ko ƙuna ko makero ba ta da tushe a likitanci, kuma fatar da ta buɗe hanya ce da guba ke bi ta shiga jini. Wanda ya sha shi bisa kuskure a garzaya da shi asibiti ko da bai nuna wata alama ba. Tsohon man da aka cire kuma kada a zubar da shi a kwata ko kusa da rijiya.

Kammalawa

Mun ga cewa birki yana aiki ne saboda ruwa ba ya matsuwa, kuma yana gazawa idan tururi ya samu wuri a cikin bututu. Mun ga cewa man birki yana zuƙar laima kullum, abin da ke rage masa juriyar zafi da digiri 65 ko fiye, ba tare da ido ya gani ko ƙafa ta ji ba. Malamai za su iya amfani da wannan misali wajen koyar da matsi, da sauyin makamashi, da tafasa, da ratsawar ƙwayoyi, duk a darasi ɗaya, da sirinji biyu da ɗan tiyo. Ɗalibai kuwa ga aikin gida: kowa ya tambayi mai mota a gidansu ko a unguwarsu ranar da ya canza man birki. Idan ya kasa tunawa, to, lokacin canjin ya yi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.